Kwat Ɗin Malam Garba Ɗan Wales

Duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai samarin nan sun cika mini shago a Satwa, ɗaliban jami'a da masu aikin ofis. Su shanye mini shayi, su zauna mini kan yadin mutane, sannan ɗayansu ya gyara murya ya ce, "Baba Tanko, don Allah ka haɗa mu da 'yan fim ɗin nan naka. Ko riƙon riga ne sai mu yi, ai ba wani aiki ba ne." Riƙon riga. To bakina ya gaji da maimaitawa, bari in rubuta muku. Wanda ya karanta ya ga har yanzu yana so, ya zo da almakashinsa.

Ni a Fagge na koyi ɗinki, wajen Malam Sabo, mutumin da in ya murɗe maka kunne sai ka ji ƙarar a ɗaya kunnen. Karatunsa ɗaya ne: ɗinki ya fi mai shi tsawon rai. In ka kai masa wando sai ya taka ƙafa ɗaya, ya ja ɗaya da hannu biyu, in zare ya ce ƙis, ranar ba ka da abincin rana. Da wannan karatun na zo Dubai, na samu gurbi a shagon wani Bapakistane, ina rage tsawon wando da gyaran abaya, har ƙafata ta dama ta fi ta hagu kauri saboda taka keke.

Aikin da ya shigar da ni harkar 'yan wasa a Port Saeed, tashar jiragen ruwa ta nan Dubai, aka yi shi. Maigidana ya karɓi ɗinkin kayan matuƙan jirgin ruwa na wani fim, ya tura ni bakin ruwa da allura da zare da fil, ko wani abu zai yage. A nan na ga wani Bature dattijo, ƙato, gashi fari fat, murya kamar an buga ganga a cikin rijiya. Shi ne kyaftin ɗin jirgin katako, aikinsa a harbe shi ya faɗa ruwa. Ranar nan mutumin nan ya mutu ya fi sau hamsin. Duk mutuwa sai a tsamo shi, in tuɓe masa jiƙaƙƙiyar riga in sa masa busasshiya, ya koma a sake kashe shi. Da yamma na ce masa, "Sannu Yallaɓai, ku Ingilishi akwai juriya."

Sai ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Malam tela, an harbe ni yau har na gaji, ban ji zafi ba sai yanzu. Ni ɗan Wales ne."

Ashe kamar ka kalli Bakatsine ka ce masa Bagobiri ne. Suna da ƙasarsu, suna da yarensu, wanda in yana yi sai ka rantse mutum ne ke kurkure baki da ruwan zafi. Sunansa na yanka harshena bai taɓa iya shi ba, don haka na raɗa masa Malam Garba, ya karɓa, har in ya bugo waya sai ya ce Garba ne. Daga ranar duk inda zai yi wasa, fim ne ko dandamali, sai ya ce a nemo masa Tanko.

A wajensa na gane cewa duk abin da Malam Sabo ya koya mini sai na kifa shi. Rigar dandamali ba don ta daɗe ake ɗinka ta ba, don ta fita ake ɗinka ta. Mutum zai fito daga gaban 'yan kallo yana sarki, ya shigo bayan labule cikin duhu, kafin ka ce bismillah ya koma yana mabaraci. Maɓallan gaba duk na ƙarya ne, ado kawai, ainihin abin da ke riƙe da rigar ƙananan maɓallan ɗanawa ne a ɓoye ta baya. Kai kuma kana tsaye da fitila a baki, wando a wuya, takalmi a hammata, kana jin muryar wanda ke kan dandamali tana matsowa kusa da kalmar da mutuminka zai shiga a kanta. In zif ya cije a wannan lokacin, ba uwa ba uba.  Sannan sabon kaya haramun ne. In na gama ɗinki mai kyau sai in ɗauko samfefa in goge gwiwa da gwiwar hannu, in jiƙa shi a ruwan shayi, in shafa masa kiwi, in yanke kalmasa da reza. Ran da na fara, sai da na waiga ko Malam Sabo na bayana.

Tarihin Malam Garba a guntu-guntu na ji shi, ina durƙushe ina ɗaura masa igiyar takalmi. A wani ƙauyen masu haƙar kwal aka haife shi, tsakanin duwatsu, inda ruwan sama ba ya ɗaukar hutu. Ubansa a rami ya ƙare rayuwarsa. Shi kuma muryarsa ce ta fitar da shi, daga waƙar coci zuwa wasan makaranta, daga nan London. Ya yi sarakuna a dandamali, a fim kuwa ba a taɓa ba shi yarinya ba, kullum shi ne sajan, ko mugun kawu, ko alƙali, ko wanda za a kashe kafin a je tsakiya. Yana cewa, "Tanko, fuskata kowa ya san ta, sunana ba wanda ya sani. Har a jirgi wata ta ce mini, ba kai ne ka mutu ba?" Da matarsa ta rasu, fim ɗin jirgin nan ya kawo shi Dubai, ya ga ƙashinsa ya daina ciwo saboda rana, sai ya zauna. Yana yin murya a tallace-tallace, yana koyar da yara wasa, yana hawa dandamali a wani ƙaramin gidan wasa da wata 'yar Lebanon, Madam Rima, ke riƙe da shi.

Abin da ya fi ji da shi wani wasa ne da yake yi shi kaɗai, labarin ubansa da ƙauyensu. Shi ne uban, shi ne uwar, shi ne limamin coci, shi ne dokin da ke jan kwal. Kayan wasan duka kujera ɗaya ce da kwat ɗin ubansa na gaske: baƙin ulu mai kauri kamar bargo uku, da fata a kafaɗu, da huda a aljihun dama. Hudar nan ta hana ni barci shekaru. Duk lokacin da na ɗauko allura sai ya ce, "Ka taɓa hudar nan, in kai ka Port Saeed in nuna maka yadda ake faɗawa ruwa."

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe gidan wasa, aka rufe shaguna, ni da keken ɗinkina muka koma ɗinka takunkumi a falat ɗin da muke kwana mu da yawa kamar kifin gwangwani. Madam Rima ta kwashe kayan wasa duka ta zuba a wani sito a Ras Al Khor, aka kashe na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya san bazarar garin nan ya san sauran. Da aka buɗe gari muka je ɗauko kaya ni da Isufu, wani abokina ɗan Maraɗi mai sayar da kayan mota a layin. Na buɗe akwatin, wari ya mare ni. Funfuna ta yi wa kwat ɗin fari, asu ya ci rabonsa, na ɗaga shi ta wuya sai hannu ɗaya ya zauna a akwati.

Malam Garba ya kalle shi. Can ya ce, "To, Baba ya mutu karo na biyu. Gadon gidanmu ne."

Madam Rima ta sa ranar dawo da wasan, aka buga sanarwa, tikiti ya ƙare. Ta kira ni gefe ta ce, "Tanko habibi, ka ɗinka masa irinsa sak. Amma mara nauyi, ka ji? Wancan ya taɓa sa shi suma a ƙarƙashin fitilu, yanzu kuma ya ƙara tsufa. Ba na son gawa a dandamalina." Gaskiyarta. Na zaga Satwa kaf na samo wani baƙin yadi mai kama da ulu a ido, a hannu kuwa kamar gashin kaza. Na ɗinka, na sa fatar roba a kafaɗa, na ci shi da samfefa, na ɗaura shi a bayan motar Isufu muka ja shi a ƙasa, maƙwabta na leƙe suna cewa zafi ya taɓa Tanko. Na huda aljihun dama daidai wurin. Wallahi in ka ajiye shi kusa da hoton tsohon, uwar da ta haifi kwat ɗin ba za ta bambance ba.

Ranar gwajin farko Malam Garba ya sa shi, ya hau, ya fara lafiya lau. Ya kai inda uban zai fito daga rami da asuba, sai ya ɗaga kafaɗa ya tsaya. Shiru. Wasan da ya yi shekara da shekaru, wanda ko a barci aka tashe shi zai zuba. Madam Rima ta jefa masa kalmar, ya kama, ya yi gaba kaɗan, ya sake ɗaga kafaɗa, ya sake tsayawa. Idonsa na yawo kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi. Washegari haka. Jibi ya fi muni.

Ina cire masa takalmi ya ce mini a hankali, "Tanko, haka mahaifiyata ta fara. Da farko sunan tukunya, daga baya sunana."

Na ce, "Haba Malam Garba, hutun korona ne. Ni ma da na koma shago sai da na nemi ramin allura da tabarau biyu."

Bai yi dariya ba. Mutumin da ke dariya tun kafin in gama magana. Ya ce, "Ɗinkinka ya yi kyau. Amma ba kowa a cikin rigar nan."

Madam Rima ta same mu a nan. Idonta ya yi ja. Ta ce masa gwaji ɗaya ya rage, na ranar Alhamis. In ya sake tsayawa, khalas, shi ke nan, za ta mayar wa mutane tikitinsu, domin ba za ta bari a zo a kalli tsoho yana laluben magana ba, ba za ta yi masa wannan ba. Shi ma ya gyaɗa kai. Mu duka mun san in aka soke wannan, ba zai sake hawa dandamali ba har abada, ba a nan ba, ba a ko'ina ba. Magana ce za ta zaga: Garba ya fara mantuwa.

Kwanakin nan abinci ba ya wuce mini. Na yanka wa wani Bafilipine wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na sake duba kwat ɗin ciki da bai, na auna hudar, na ƙara mata faɗi, na shafa masa garin gawayi ko ƙamshi ne ya rasa. Ranar Laraba na tafi Ras Al Khor in kwaso ragowar tsohon, ko zan ga wani abin da idona ya tsallake. Isufu ya ce in bari ya ɗauko mini. Ya sunkuya ya ɗaga buhun da muka zuba shi, sai ya yi nishi.

"Kai, mon ami, wannan riga ce ko gambun mota? C'est pas possible, ba zai yiwu mutum ya yi yawo da wannan a wuya ba."

"Ai shi ya sa aka ce in yi mara nauyi."

"To shi dattijon an tambaye shi? Ni fa ran da na fito ba waya a aljihu, wallahi tafiya ma karkacewa nake."

Na tsaya da buhu a hannu. Shekaru ina bayan labule ina kallon bayan mutumin nan. Duk inda labari zai juya, daga uwa zuwa uba, daga coci zuwa rami, sai ya ɗaga kafaɗu ya gyara zaman kwat ɗin, kamar mai gyara kaya a ka, sannan maganar ta fito. Ni na ɗauka salo ne. Yanzu yana ɗaga kafaɗa, ba abin da zai ɗaga, sai maganar ta ƙi biyowa. Ko haka ne, ko kuma ciwon uwarsa ne da gaske, ni ba likita ba ne. Amma ɗayan biyun ne kawai allura ke iya wa.

Matsalar ita ce nauyi ba tare da zafi ba. Na dubi shagon Isufu, ga washa nan cike da bokiti, ƙananan ƙarafan nan masu huda da ake sa wa noti. Muka ɗora tsohon kwat a sikelin da yake auna kaya, har da hannun da ya cire, muka ɗora sabon, muka dinga zuba washa har allurar sikelin ta daidaita. Isufu ya ce, "In ya yi, ka ce musu Nijar ce ta ceci Wales."

Na farke shafin ciki na jera su a kafaɗu da kalmasa. Na sa a jikina na taka, sai ga ni ina kacau-kacau kamar mai rawar Koroso. Dole na kwance duka, na naɗe kowace washa a ƙyalle ita kaɗai, na ɗinke ta a gidanta. A nan karatun Malam Sabo ya dawo da amfaninsa, domin in ɗaya ta ɓalle ta gangara a dandamali, mun shiga uku. Na taka kalmasar da ƙafa na ja da hannu biyu. Zare bai ce ƙis ba.

Ban gaya wa Madam Rima ba sai da safiyar Alhamis. Ta ɗaga shi, ta kusa sakinsa. "Tanko, za ka kashe mini shi."

"Ranki ya daɗe, nauyi ne kawai, iska na shiga. In ya faɗi, ni zan ɗauke shi, na saba tsamo shi daga ruwa."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin da yake. Ta ce, "Yalla, je ka. Amma kada ka faɗa masa komai."

Ban faɗa ba. Malam Garba ya miƙo hannuwa ta baya kamar kullum, ba ya ko kallona, fuskarsa kamar wanda za a kai asibiti. Na zura masa, na saki a kafaɗunsa. Gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa. Ya tsaya jim, ya juyo da kai rabi, ya fita.

Na laɓe a bakin labule, duk addu'ar da na sani na karanta, har da addu'ar shiga kasuwa. Ya wuce wajen uwa. Ya wuce coci. Ya zo bakin rami da asuba, wurin da yake faɗuwa kullum. Ya ɗaga kafaɗu, kwat ɗin ya tashi da kyar ya koma ya zauna. Shiru. Na ga Madam Rima ta buɗe baki za ta jefa masa kalma. Sai hannunsa na dama ya shiga aljihu, yatsa ya leƙo ta hudar, muryar nan ta cikin rijiya ta fito, muryar ubansa, tana kiran matarsa ta ɗora ruwan wanka. Daga nan bai sake waiwaye ba. Har dokin ya yi, har da haniniya.

Da ya shigo bayan labule gumi ya jiƙa shi sharkaf. Na sa hannu zan cire masa, ya riƙe wuyan kwat ɗin.

"Me ka zuba a ciki?"

"Kayan mota."

"Na wace mota?"

"Ban tambaya ba. Ɗan Maraɗi ne ya bayar."

Sai dariyar ta dawo, har yana tari. Ya ce, "Shekara arba'in masu sharhi na rubuta cewa hikimar wasana a zuciya take. Ashe a kafaɗa take."

An yi wasan, an ƙara kwanaki saboda jama'a. Ko sau ɗaya bai tsaya a bakin ramin nan ba. Ko ciwon uwarsa na nan tafe, wannan ban sani ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Daga baya 'yarsa ta matsa ya koma gida, wani gidan wasa a can kusa da ƙauyensu ya ce ya zo ya yi musu. Ya ƙi sa kwat ɗin a akwati, ya ce ya ga abin da akwati ke yi wa riga. A jikinsa ya shiga filin jirgi da shi, cikin zafin nan. Ni da Isufu muna daga nesa muka ji na'urar bincike ta kurma ihu kamar an taka jariri, ma'aikata sun kewaye tsoho, yana ɗaga hannuwa yana yi musu bayani da muryar sarki. Isufu ya ja rigata ya ce, "Mon ami, mu tafi tun bai nuna mu ba."

To kun ji riƙon riga. Gobe akwai gwaji a wajen Madam Rima, wata yarinya ce za ta yi tsohuwa, kuma tun jiya nake tunanin takalmin da zai sa ta ja ƙafa. Mai so ya zo. Amma ya ci abinci tun a gida, don bayan labule ba ya wucewa.